Takalman Bakin Rami

A Dogon Rami, sansanin masu haƙar gwal da ke bayan iyakar Jibiya ta ɓangaren Nijar, ba a tambayar sunan wanda ya shiga ƙasa. Takalmi ake bari. Duk wanda zai kama igiya ya sauka sai ya tuɓe silifas ɗinsa a bakin rami, ya danne da dutse. In ya fito ya ɗauki abinsa. Mai rami ma in yana son sanin waɗanda ke ƙasa, takalma yake dubawa.

Ranar da abin ya faru, Kalilu aka aika Jibiya ya sayo fetur na injin jan ruwa. Hancin silifas ɗinsa ya tsinke, ya ɗaure da waya, ya sake tsinkewa. Hussaini, abokinsa ɗan Mazanya da suke kwana a bukkar leda ɗaya, ya turo masa nasa da ƙafa.

"Sa wanga, kada ka kunyata mu gaban 'yan matan Magama."

"Kai fa?"

"Ni da za ni ƙasa? Aljanun rami ba su duba ƙafar mutum."

Kalilu ya yi dariya, ya tayar da babur. Ya bi ta hanyar daji kamar kowa, ya ɓata wuni a layin mai da gardamar masu shinge. Bayan la'asar ya dawo da jarkoki, tun daga nesa kuma ya ji abin da ya tsinka masa zuciya: injinan niƙa dutse sun yi tsit.

Raminsu ne ya rufta. An shimfiɗa mutum uku a inuwa, an rufa su da buhunan siminti. Kalilu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga buhu. Babu Hussaini. Ya leƙa bukka, ya leƙa wurin mai shayi, ya zaga masallacin kara. Babu. Sai ya ga masu tono suna kakkaɓe shebur suna watsewa.

Ya nufi Lado, mai ramin, wanda ke tsaye da waya a kunne.

"Maigida, akwai saura. Hussaini na ciki."

Lado ya sauke wayar. "Takalmi uku muka iske, mutum uku muka fiddo. Allah ya jiƙan su."

"Ga nashi a ƙafata! Aro ya ba ni da safe."

Kalilu ya tuɓe su, ya ajiye a bakin ramin, har ya ɗora dutse. Lado ya dube su kamar an ajiye masa kashi a tabarma.

"Yanzu za ka aje? In haka ne kowa ma sai ya kawo takalmi ya ce a tono masa kakansa."

Kalilu ya juya wajen Abdu mai jan igiya. Duk wanda ya sauka ta hannunsa ya sauka. "Abdu, don Allah faɗa masu. Kai ka saukar da shi."

Abdu ya kafa ido a ƙasa. "Mutane da yawa ke sauka, Kalilu. Ni igiya nake kallo."

Sai a lokacin Kalilu ya gane. Jandarmomi, jami'an tsaron Nijar, sun zo, an shaida masu an gama kwashe gawa, sun tafi. In suka ji akwai saura, sansanin gaba ɗaya za su rufe, da ramuka, da injina, da tukwanen masu tuwo. Kowa a wurin yana da bakin da yake ciyarwa. Shi kuwa Kalilu ya san ramin nan yana da lungu ta gefen gabas, ya kuma taɓa ganin an zaro mutum da ransa daga irin lungun nan bayan an fidda tsammani.

Shi kaɗai ba za a saurare shi ba. Sai dangi. Gari na wayewa ya sake ƙetara iyaka, ya miƙe Mazanya, yana tsara yadda zai ɗauko kawunnan Hussaini su zo su tsaya wa Lado a wuya.

Ya tarar da Inna Salmatu, mahaifiyar Hussaini, tana sheƙar gero a tsakar gida. Ya durƙusa.

"Inna, ina kwana."

"Kalilu? Kai ba ka bi shi ba?"

"Ina, Inna?"

"Jado mana. Maigidanku ya kira jiya. Ya ce Hussaini ya hau motar masu zuwa haƙar gwal arewa tun da safe, Allah ya tsallakar da shi ke nan. Yaron nan da ƙafar yawo, ko sallama."

"Inna, ba haka ba ne. Yana ƙasa. Ki kira su Kawu mu tafi yanzu, ƙila da sauran numfashi."

Faifan ya tsaya a hannunta. Ta ɗago ta dube shi.

"Kai ka ga saukarsa da idonka?"

Ya so ya ce e. Harshensa ya ƙi. "Na riga na tafi Jibiya, Inna. Amma ya ce mani za shi ƙasa."

"To, ya ce. Babban mutum kuma ya gan shi cikin mota." Ta kawar da kai. "Tashi, ɗan nan. Kada ka kashe mani ɗa da bakinka."

Ta ci gaba da sheƙa, geron na zubewa a gefen ƙwarya ba ta lura ba.

Ya je wurin kawunnan. Su ma Lado ya riga ya kira su. Babbansu ya ce a bari a ji daga Jado tukuna, hanya ce mai nisa, waya ba ta shiga.

Kalilu ya koma shi kaɗai. Ya iske an cike bakin ramin, an jibga ƙaya a kai don kada awaki su faɗa. Taku kaɗan daga wurin an soma sabon rami, samari na miƙa buhunan ƙasa suna tsokanar juna. Ya janye ƙayar, ya je ya tsaya kan Abdu.

"Ara mani shebur."

Abdu ya waiga ko Lado na kallo, sannan ya miƙo masa.

"Ka maido kafin azahar," ya ce. "Muna da aiki."