Giɓin da Aka Bar wa Tafi

Kwana goma da fara nuna fim ɗin, kamfanin da ya yi shi ya turo wakili takanas daga ƙasarsu ya zo ya nemo wanda ya kashe musu kasuwa. Tun kafin jirginsa ya sauka ma sun riga sun san wadda za a nuna da yatsa: Tafinta.

Haka kowa ke kiran ta a sana'ar. Shekara goma sha ɗaya tana juya finafinan waje zuwa harshen gida. Ita ke rubuta fassarar, ita ke zaunar da masu murya su shida a ɗan ɗakin nan da aka manna wa soso a bango, a yi ta maimaici har maganar ta hau leɓen ɗan wasa daidai. Wannan karon kashi na tara aka ba ta na wani dogon labarin yaƙin sararin samaniya. A can ƙasarsu an ce layin masu sayen tikiti har kan titi yake kaiwa. A nan kuwa, zaure mai kujera ɗari uku, sai ka ƙirga kawuna da yatsun hannu, rabinsu ma sanyin na'ura suka biyo.

Laifin nata kuwa jimla ɗaya ce tak. Wajen tsakiyar fim ɗin akwai inda ƙofar wani tsohon jirgi ke buɗewa, wata tsohuwa mai ido ɗaya ta fito riƙe da fitila, ta tsaya. Ba kiɗa, ba magana, kyamara a kan fuskarta har sakan talatin da takwas. Ranar da Tafinta ta fara ganin wurin sai da ta duba ko na'urarta ce ta maƙale. Da ta bincika sai ta gane tsohuwar nan matuƙiyar jirgi ce tun a kashi na farko, aka ɗauka ta mutu a na uku, kuma masu fim ɗin da gangan suka bar giɓin don masu kallo su tashi su yi tafi da kuka. To su wa za su yi kukan a nan? Sai ta sa murya ɗaya a cikin shirun ta faɗi ko wace ce tsohuwar. Yarjejeniyarta da kamfanin kuwa ta hana ƙara ko da tari.

Aka taru da safe a ofishin manajan silimar. Wakili dogo ne, bai kai arba'in ba, da 'yar jakar fata da ba ya ajiyewa ko a kan kujera. Ya zaro takarda ya shimfiɗa a gabanta, ya yi bayani a nutse, irin nutsuwar da ta fi zagi ciwo. In ta sa hannu ta amsa cewa ƙarin da ta yi ne ya ɓata fim ɗin, ba za a kai ta kotu ba, sunanta kawai za a cire daga jerin waɗanda kamfanin ke ba aiki. Kawai, in ji shi! Ita kuwa ta san in wannan kamfani ya zare hannu, sauran ma binsa suke yi kamar tumaki, kuma ba ita kaɗai za ta koma gida ba, har da mutum shidan da ke cin abinci a bayanta.

Ta dubi Manaja. Shi da ya rantse mata makon jiya cewa jimlar nan ce kaɗai abin da ya fahimta a fim ɗin, yau sai ga shi yana gyara zaman biro a kan tebur, yana cewa shi dama tun farko ya ji wurin bai yi masa daɗi ba. Wanda ruwa ya ci ai ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta haɗiye.

Ta ce wa Wakili an bar jaki ana dukan taiki, ta fassara masa ita yadda zai gane. Sannan ta kawo shawara: a cire jimlarta, a buɗe ƙofa kyauta da ƙarfe biyu na rana, a cika zauren da mutanen titi, shi kuma ya zauna a tsakiyarsu. In tsohuwar ta fito zauren ya motsa kamar yadda yake motsawa a garinsu, za ta sa hannu ba tare da ta ƙara kalma ba.

Wakili ya yi ɗan murmushi. Ya ce ya kalli wurin nan a birane huɗu na ƙasarsu, bai taɓa ganin inda aka yi shiru ba. Ya yarda.

Daga nan gida ta nufa ta ɗauko mahaifinta. Baba shekara talatin ya yi a ɗakin injin majigi kafin a daina amfani da faifai, kuma tun tana ƙarama take jin yana cewa shi ya haska kashi na farko na labarin nan, kwana huɗu aka yi aka ɗauke don ba masu zuwa, na biyu zuwa na takwas kuwa ba su taɓa shigowa silimar garin ba. Shaidar da take so Wakili ya ji ke nan daga bakin wanda ya gani. Ta same shi a tsakar gida yana gyaran rediyon maƙwabci, ta ba shi labari a tsaitsaye. Ya shiga ya sako rigarsa mai kyau.

Sai da suna cikin tasi tunanin ya faɗo mata. Baba ya san tsohuwar. A duk garin nan shi kaɗai ne zai iya gane ta, ita kuma da hannunta ta ɗauko shi za ta dasa a tsakiyar zaure. Tafi kuwa kamar hamma yake, mutum ɗaya ya fara sai ya zaga ɗaki.

"Baba," ta ce, "don Allah in an zo wurin nan, duk abin da ka gani kada ka motsa."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya mayar da kansa ga taga.

Kyauta ba ta kwantai. Kafin ƙarfe biyu zauren ya cika maƙil: direbobi, 'yan kasuwa, ɗalibai, mata da jarirai a baya, har da wani mai gadi da ya shigo da sandarsa. Wakili ya zauna a layi na takwas, jakarsa a cinya. Tafinta ta zauna a damansa, Baba a damanta. Aka kashe wuta.

Rabin awar farko an ji daɗi, don akwai fashe-fashe da gudun jirage, kuma muryoyin mutanenta sun zauna daram. Amma da aka fara ambaton sarakunan da suka mutu a kashi na huɗu da alkawarin da aka ɗauka a na shida, sai zauren ya fara sanyi. Hasken wayoyi ya fara tashi nan da can. Wata mata a bayansu ta tambayi mijinta ko wancan mai sulken shi ne mugun, ya ce shi ma tare suka shigo. Tafinta ba ta fassara wa Wakili wannan ba, ta ga dai yana juya wuya yana kallon mutane. Ita kuwa ta san fim ɗin kamar yunwar cikinta, tana ƙirga abin da ya rage: faɗan kan gada, sai saukar jirgi, sai ƙofa.

Ƙofar ta buɗe. Tsohuwar ta fito da fitilarta, ta tsaya.

Ta gefen ido ta ga Wakili ya ɗago hannuwansa biyu daga kan jaka, fuskarsa ta saki kamar ta yaro. Ya jira zauren. Sakan biyar, sakan goma. Wani jariri ya yi ƙara, uwarsa ta jijjiga shi. Can daga baya wani ya ɗaga murya ya ce, "Manaja, abin naku ya tsaya!" Aka ɗan yi dariya. Hannuwan Wakili suna nan a sama, ba su haɗu ba, ba su sauka ba. Tafinta ta fara jin numfashinta yana dawowa.

Sai kujerar da ke damanta ta yi ƙara.

Baba ya miƙe tsaye da rigarsa mai kyau, ya fara tafi a hankali, da ƙarfi, shi kaɗai a cikin mutum ɗari uku. Ta kama gefen rigar ta ja, ko gezau bai yi ba. Mutum biyu a gaba suka kama masa, sai na uku, sai wasu ɗalibai a gefe. Shi ke nan, ta ce a ranta, ubana ne ya sa mini hannu a takardar.

Amma tafin bai yi nisa ba. Waɗanda suka kama suka waiga suna neman dalili, ba su samu ba, suka daina. Wani ya ce, "Tsoho ya ga budurwarsa!" Zauren ya kwashe da dariya, irin wadda ba a yi ba tun da aka fara fim ɗin. Baba bai fasa ba sai da tsohuwar ta buɗe baki ta yi magana, sannan ya zauna ya gyara tabarau. Tafinta ta rasa wanne ya fi yi mata zafi, aikin da take gani yana zamewa ko dariyar da aka yi wa mahaifinta. Kafin a kai ƙarshe kusan rabin kujerun sun koma wayam.

Da aka kunna wuta, Wakili ko kallon ta bai yi ba. Ya tsallake ƙafafunta ya kama hannun Baba da hannu biyu, idonsa ya yi ja. Ya ce ga shi nan, ashe akwai waɗanda suka sani, tallar ce ba ta kai gare su ba, ƙarin da aka yi kuma ya kori irinsu. Ya ce shi yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya kai shi ya ga matar nan a karon farko. Sannan ya tuna Baba ba ya jin yarensa, ya juyo ga Tafinta ya ce ta tambayar masa dattijon ko ya taɓa ganin kashi na farko.

Ta tambaya. Baba ya ce ƙwarai, shi ma ya haska shi da hannunsa, sau goma sha biyu cikin kwana huɗu.

Nan ta tsaya. Ba mai jin harsunan biyu a wurin sai ita. Manaja yana gefe yana wasa da makullai, ba ya tsintar komai a yaren baƙon. Da ta ce sau ɗaya, ko ta ce ya manta, ba wanda zai kama ta har abada. Ta dubi jakar fatar, ta dubi mahaifinta, ta faɗa wa Wakili yadda aka faɗa, har da sau goma sha biyun.

Wakili ya gyaɗa kai kamar wanda ya gama shari'a. Ya ce to ta tambaye shi yadda ya ji da ya sake ganin ta bayan shekara arba'in.

Baba ya saurara, ya ɗan ɓata fuska.

"Wai wace ce ita?"

Tafinta ta zuba masa ido. Ya ce ta faɗa wa baƙon shi ta wata 'yar taga yake leƙen allo, inji na ruri a kunnensa, hankalinsa na kan ɗigon da ke fitowa a kusurwa don ya san lokacin sauya faifai. Finafinai dubu ya haska, bai san labarin ko ɗaya ba. Abin da ya sani shi ne aikinsa: in aka tsayar da kyamara a fuska aka ɗauke kiɗa haka, tafi ake jira.

"An bar baƙuwa tsaye a bakin ƙofa ba wanda ya ce mata sannu da zuwa," ya ce. "Ni ba a yin wannan a gabana. Ko ban san ta ba."

Ta juya wa Wakili maganar kalma bayan kalma. Wakili ya saki hannun Baba a hankali. Ya daɗe yana kallon kujerun da aka bari a naɗe, da ledojin da aka zubar a ƙasa. Sannan ya tambaye ta ko ta ƙara wani abu a maganar dattijon.

"Ban ƙara ba, ban rage ba," ta ce.

Ya buɗe jakar ya zaro takardar. Manaja ya yi wuf ya miƙo biro, ba wanda ya karɓa. Wakili ya ninke ta biyu, ya ninke ta huɗu, ya tura a aljihun wando. Ya ce zai rubuta wa shugabanninsa abin da ya gani, ba ya jin za su ji daɗinsa, amma ba sunanta ne zai fito a ciki ba. Sai kuma ya ce shi fa a takarda kawai ya karanta cewa ta ƙara jimla, bai taɓa jin ta ba. Me ta ce?

Ta faɗa masa da yarensa. Baba ya taɓa ta da gwiwar hannu, ya ce shi fa? Sai ta maimaita masa da harshen gida, da irin muryar da ta koya wa mai muryar ya yi:

"Wannan ita ce matuƙiyar da ta tsallakar da iyayenku, kuka yi shekara talatin kuna zaton ta mutu."

Baba ya juya ya dubi farin allon da babu kowa a kai.

"Ashe," ya ce. "Allah sarki, baiwar Allah. Ai da an gaya mana, da ba ni kaɗai zan tashi ba."