Wasan Bankwanan Hayasaka

Hayasaka ne ya karya wa ƙanena Tetsuro muƙamuƙi. A wasan besbol ne, inda majefi ke jefo ƙwallo mai bugu ya buge ta da sanda. Hayasaka ne majefin, da gangan ya auna masa ƙwallo a fuska, ya tsaya yana taunar cingam har aka fitar da yaron a sume. Kafin ya warke ƙungiyarsa ta sallame shi.

Tetsuro ya tafi Meziko, ya yi shekaru yana buga besbol a ƙananan garuruwa. Duk sanda ya kira ni sai ya ce, "Yaya, mutumin nan yana jifa har yanzu?"

Da ya dawo Japan wata ƙungiya ta ɗauke shi, sai ga wasan bankwanan Hayasaka ya faɗo a kansu. A al'adarmu, idan tsohon majefi zai yi jifarsa ta ƙarshe, mai bugu yakan kuskure da gangan, a tafa, a miƙa furanni.

Kociya ya ce wa Tetsuro, "Ka kaɗa sanda a iska ka dawo. Ka ji ni?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Jifar farko ya narka mata sanda, ƙwallo ta haye katangar filin, ya ci maki ke nan. 'Yan kallo suka ɓarke da zagi. Tetsuro ya yi zagayen cin maki a hankali, idonsa a kan Hayasaka, wanda ya durƙusa a gaban matarsa da 'ya'yansa da suka zo kallo.

Ba su sake sa shi a wasa ba. Washegari ya zo shagona na taliya, ya zauna.

Na ce, "Ka kashe aikinka, Tetsuro."

Ya ce, "Na sani. Ƙara min nama, Yaya."