Ruwan da Ya Wuce Katanga

Aikina shi ne in saukar da ruwan sama a cikin kwamfuta kafin Allah ya saukar da na gaske. Nakan yanka taswirar ƙasa gida-gida kamar ramukan dara. Kowane gida ya karɓi ruwansa, ya tura wa maƙwabcinsa gwargwadon gangare, na'ura kuma ta yi ta lissafi har a ga inda ruwan zai kwanta. A shekarun da kuɗin fetur ya cika Libreville, kamfaninmu ya sami kwangilar magudanun wata unguwa ta ma'aikatan mai da ake ginawa kan tudu, sama da unguwar da ake kira PK8.

Taswirar da shugabana Musye Ondo, wanda muke ce wa Patron, ya ba ni ta ƙare ne daidai katangar unguwar. A irin wannan lissafi, duk ruwan da ya kai bakin taswira shafe shi na'ura take yi, kamar bai taɓa sauka ba. Ni kuwa na san abin da ke bayan katangar. Layinmu ne, inda mahaifina Malam Sabitu, mai shagon tireda, ya gina gida da hannunsa.

Sai na faɗaɗa taswirar, na haɗa da layinmu, na sake sakin ruwan. Shuɗin da ke nuna ruwa a allon ya gangaro ta bakin magudanar, ya cika lungun, ya tsaya a tsakar gidanmu har iya ƙirji.

"Patron, dubi inda ruwanmu zai je," na ce.

Ya duba, ya yaba, har da jinjina kai. Sannan ya miƙa hannu ya cire layinmu daga allon.

"Madmazel Zinariya, kwangilarmu ta tsaya a katanga. Ga shi nan, babu ambaliya."

"Ai ruwa bai karanta kwangila ba."

Ya ce in aka karkatar da magudanar zuwa rafi za ta ci filin wasan unguwar. Filin wasa fa. Raina ya ɓaci. Na faɗi abin da ke bakina, aka karɓe aikin aka ba wani wanda ba shi da uba a gindin tudu. Na kai ƙara ma'aikatar gari, suka yi ta ce min in dawo gobe har damina ta kama.

A gida na ɗauki gawayi na ja layi a bangon zaure.

"Baba, nan ruwa zai kawo."

"'Yar nan, akwatin naku ya san gaibu ne?"

"Ba gaibu ba ne, Baba, gangare ne."

Ya ce tun zuwansa garin nan ruwa bai taɓa tsallake dokin ƙofarsa ba, kuma shi in ya bar gidan ina zai nufa? Don dai ya kwantar min da hankali, ya ƙara bulo a bakin ƙofa.

Ruwan ya zo wata la'asar. Babu wanda ya rasu, alhamdu lillahi, amma ɗakunan baya duka sun zube, har da na mahaifiyata.

Da na koma ofis, Musye Ondo ya yi min jaje yadda ya kamata. Sannan ya buɗe kwamfutarsa, sai ga lissafina na farko, layinmu shuɗi. Ashe bai jefar ba, ajiyewa ya yi.

"Ki auno mana shaidar ruwan a bango," ya ce. "In ta yi daidai da wannan, za mu nuna wa masu ba mu aiki irin ingancin lissafinmu."

Na ɗauki jakata na nufi gida.

Na tarar da Baba tsaye a zaure, laka har idon sawu. Na gaya masa saƙon. Ya ɗora yatsa tsakanin layin gawayina da layin lakar da ruwa ya bari, yatsan ya cike gurbin cif.

"Kin kuskure da yatsa ɗaya," ya ce. "Ki gaya wa patron ɗin naki ya zo ya auna da kansa. Ya yi sauri kuma, wannan bangon ma ba zai kai jibi ba."