Kunnen Hagu

Tun ranar da aka shata farin layi a gefen titin da ya taso daga Ƙofar Kabuga ya nufi cikin Gwale, unguwar ba ta sake zama lafiya ba. Layi ne fa kawai, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. An bar kamar taku biyu tsakaninsa da bakin kwata, an zana hoton keke a ƙasa, shi ke nan. Amma in ka ga yadda mutane suka ɗau zafi, sai ka rantse gonar gado aka raba ba da saninsu ba.

Masu motoci suka ce ƙofar gida ta mai gida ce tun kaka da kakanni. Gidajen cikin gari ba a gina su da gareji ba, lungunan kuwa ko amalanke da ƙyar take shiga, to a ina ake so su ajiye mota, a saman soro? Masu keke suka ce titi na kowa ne. Ranar Asabar 'yan ƙungiyar keke suka zo da hulunan kwano da matsattsun wanduna, suka bi motocin da ke kan layi suna liƙa musu takarda a gilashi. Washegari mutanen unguwa suka fito da tsofaffin tayoyi da benci suka jera a kan hoton keken. Aka sace wa wata mota iska, aka watsa wa wani mai keke ruwan wanke-wanke, kowa ya ce bai san wanda ya yi ba.

Duk wannan rigima, babu wanda ta hana wa sukuni kamar Malam Gwadabe mai wankin hula, shi da bai taɓa ɗaga murya a kanta ba.

Shekararsa sittin da huɗu, fiye da rabinsu a kan baƙin kekensa ya yi su. Da safe ya ɗaure kwalin huluna a baya, ya kai wa 'yan kasuwa waɗanda suka bushe, ya karɓo masu datti. Keken nan shi ne ƙafarsa, shi ne kuma abin da ya hana shi zama tsohon da ake aje wa tabarma a zaure. Sai dai akwai abin da ya ɓoye wa kowa: kunnensa na hagu ya mutu murus shekara biyu ke nan, na daman ma ya fara ja da baya. Kuma kunnen hagun nan shi ne ke fuskantar motoci in yana tafiya a gefen titi.

Bara wani mai adaidaita ya goge shi ya faɗi, ya gurje gwiwa. 'Yarsa Zaituna, malamar makaranta da ke aure a bayan layinsu, ta zo tana wanke masa ciwon tana kallonsa.

"Baba, mutumin ya ce ya yi ta danna maka hon. Anya kana ji sosai?"

"Ras nake ji. Ƙarya yake yi."

"To Allah ya sa. Amma wallahi ranar da na tabbata kunnen nan ya samu matsala, kwaɗo zan sa wa keken nan. Na rantse."

Ya san 'yarsa, halin marigayiya uwarta ta ɗauko, ba ta rantsuwar wasa. Tun daga ranar ya koyi dabarun zama da mutane. Ya gano cewa da "haka ne" da "Allah ya kyauta" mutum zai iya ƙare hirar awa guda ba a gane komai ba, don yawancin masu magana ba amsa suke nema ba, gyaɗa kai suke so.

Saboda haka da aka shata layi, shi a wurinsa rahama ce ta sauka. In ya shiga ciki ba ya buƙatar kunne, ido ya ishe shi. Sai dai rahamar ba ta da tsawo. Daidai ƙofar gidan Alhaji Ɗalha, kullum doguwar motarsa mai ruwan toka na zaune daram a kan hoton keke. Dole Gwadabe ya karkato ya faɗa cikin 'yan adaidaita da mataccen kunnensa, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har ya wuce motar ya koma ciki. Taku goma ne bai fi ba, amma tun daga sallar asuba yake fara tunaninsu.

Kuma wa zai gaya wa? Ɗalha abokinsa ne tun suna makarantar allo, gefe da gefe suke tsayawa a sahu, shi a dama Ɗalha a hagu. Ɗalha na fama da ciwon gwiwa, daga ƙofar gida zuwa mota ma sai da sanda. In Gwadabe ya ce masa ya kau da motar, zai tambayi dalili, dalilin kuma shi ne abin da ba ya faɗuwa.

Wata Laraba bayan la'asar, ana fitowa daga masallaci, Ɗalha ya tsayar da mutane da wata takarda a hannu. Injin niƙa na ta ruri a tsallake, 'yan adaidaita na ta hon kamar an biya su. Ɗalha ya tsaya inda ya saba tsayawa, a hagun abokinsa, ya yi ta bayani yana nuna titi. Gwadabe ya tsinci kalmomi uku: layin keke, hukuma, a gaggauta.

Nan take ransa ya yi fari. Makon da ya wuce Abdulmalik, shugaban 'yan ƙungiyar keke, ya gaya masa za su rubuta takarda a kafa turakun ƙarfe a bakin layin don mota ta daina hawa. Ashe an sasanta! Ashe har Ɗalha da ciwon gwiwarsa ya yarda! Takardar da Turanci aka rubuta ta, shi kuwa ajami ya iya, amma me zai karanta tunda amininsa ne ke riƙe da ita? Ya miƙa hannu ya karɓi biro kafin kowa.

Ɗalha ya buɗe baki yana dubansa. Ya ce wani abu.

"Haka ne," in ji Gwadabe. "Ai ni ya kamata in fara." Ya rattaba sunansa a saman takarda, manya-manyan baƙaƙe, yana murmushi.

Ranar Asabar da safe yana ɗaure kwali a ƙofar gida, Abdulmalik ya ja birki a gabansa. Magidanci ne mai kamar shekara arba'in, ga furfura a gemu ga hular kwano a ka. Ya gaishe shi sama-sama, ya zaro waya ya miƙo masa, Allah ya sa ta ɓangaren dama ya tsaya.

"Baba, wallahi ba mu zaci haka daga gare ka ba."

Hoton takardar nan ne, ga sunansa a sama yana ƙyalli.

"Ai tallafa muku na yi," in ji Gwadabe.

"Tallafi? Baba, takardar neman a goge layin ce! Har an rubuta a ciki cewa wanda ya fi kowa daɗewa yana hawan keke a unguwar shi ya fara sa hannu. Mutanen ofis sun ce wannan ya fi komai nauyi a wurinsu. Ranar Alhamis za su zo ƙofar gidan mai unguwa, in ba wanda ya janye, baƙin fenti za su shafa."

Gwadabe ya mayar masa da wayar. Ya dafa sirdin keke, ya buɗe baki, sai abin da ya saba ya fito: "Allah ya kyauta." Abdulmalik ya girgiza kai ya taka kekensa ya tafi.

Kwana biyar ɗin nan Gwadabe bai san inda zai sa kansa ba. Ya zauna ya tashi, ya shiga zaure ya fito. Ya zabga wa hular wani sitaci har ta ƙage kamar ƙwarya, ya kai wa wani ɗan kasuwa hular da ba tasa ba, abin da bai taɓa yi ba tunda ya fara sana'a. Ya juya maganar ta kowace fuska. In ya yi shiru, za a goge layi, ya koma cikin 'yan adaidaita daga farkon titi har ƙarshe, da kunne guda da ke ƙara dushewa. In ya ce ya sake shawara ne kawai, ya zama dattijon da ke magana biyu, kuma ya watsa wa Ɗalha ƙasa a ido a gaban jama'a. In ya ce an yaudare shi, ya yi wa amininsa ƙazafi. Hanya ɗaya ta rage mai tsabta, ita kuma a ƙarshenta Zaituna ce tsaye da kwaɗo. Haushin kansa ya kama shi, haushin kunne, haushin wanda ya ƙirƙiro injin niƙa.

Ranar Alhamis da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Masu motoci a gefe guda, masu keke a gefe guda, ana hararar juna. Wani ma'aikaci mai fayil ya karanta sunaye, ya fara da na sama. Gwadabe bai ji sunansa ba, ya dai ga duk idanu sun juyo kansa. Ya miƙe.

"Ni ne Gwadabe. Hannuna ne, ba wanda ya tilasta mini. Alhaji Ɗalha ya yi bayani a gaban kowa, bai ɓoye komai ba." Ya dubi mutanen. "Ni ne ban ji ba. Jama'a, kunnena na hagu ya mutu shekara biyu ke nan. Duk wanda ya yi mini magana na ce masa haka ne, ya yafe mini, ban san abin da ya ce ba. Layin nan ina son sa. Ba don shi ba da tuni an kwashe ni a titi. A cire sunana."

Wurin ya yi tsit, ko kuma shi ne ya ji tsit, bai iya bambancewa ba. Ya ga bakin Ɗalha na motsi a hagunsa, fuskarsa ta canza.

"Zagayo ta nan, Ɗalha," ya ce, yana nuna kunnen dama. "Shekara biyu kana hira da bango."

Wasu suka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Ɗalha bai yi ba. Ya dogara sanda ya zagayo a hankali, ya sunkuyo daidai kunnen.

"Kullum da safe kana fita ta bayan motata haka?"

"Kullum."

"Ka kasa gaya mini?"

Ma'aikacin ya ja biro a kan sunan, ya ce zai kai rahoto, za a ji daga gare su. Aka tashi ana ta musu kamar yadda aka zo, ba wanda ya san ko za a goge layin ko za a bar shi.

Labari a cikin gari ba ya jiran mota. Kafin azahar Zaituna ta iso, da sarƙa da sabon kwaɗo a cikin jaka. Ya shirya wa faɗa, har ya tanadi amsoshi, sai ta ƙi yin faɗan. Ta durƙusa a zaure tana hawaye, ta zura sarƙar a ƙafar keken ta baya, amma ta kasa datse kwaɗon. Shi ya karɓa ya datse, ya miƙa mata makullin. Ya juya ya shiga tattara huluna don kada ta ga fuskarsa.

Washegari ya fito da kwalin a kafaɗa. Tun daga ƙofar gida ya hango abin da bai taɓa gani ba: hoton keken da ke ƙofar gidan Ɗalha, fari tas, ba mota a kansa. Can gaba motoci biyu na nan kan layi yadda suka saba, amma mai ruwan tokar an kai ta wani fili kusa da Ƙofar Kabuga. Mai ita kuwa yana tsaye a bakin kwata da sandarsa, yana jira.

"Can zan je in ɗauko ta," in ji Ɗalha da ƙarfi, bayan ya koma damansa. "Mu tafi, in sauke ka a kasuwa."

"Da wannan gwiwar?"

"Kai dai mu tafi."

Suka kama hanya a hankali, ɗaya na ɗingishi ɗaya na ɗauke da kwali. Gwadabe bai san lokacin da ƙafafunsa suka sauka daga gefen kwata suka shiga tsakiyar layin ba. Ga shi shimfiɗe a gabansa, ba taya ba benci, yadda ya yi wata da watanni yana roƙon Allah ya gan shi. Ya taka hoton keken, ya ci gaba, har ya ɗan ƙara sauri.

Sai ya ji an fizgi hannun rigarsa da ƙarfi, har kwalin ya kusa zamewa. Wani mutum a kan keke ya wuce fuu ta inda yake tsaye, babban yatsansa na kan ƙararrawa yana ta kaɗawa. Gwadabe ya ga yatsan na motsi, bai ji komai ba.

Ɗalha bai saki rigar ba. Ya matso da bakinsa kusa da kunnen dama.

"Hawo nan sama, Gwadabe. Wannan na masu keke ne."