Ba'amurken Anka

Farar kujerar roba ce Dalhatu ya fara gani. An ajiye ta a gefen bencin da 'yan wasansa za su zauna, sabuwa fil, ko ledar da aka naɗe hannuwanta ba a gama ɓarewa ba. Tun da ya fara horar da Matasan Anka, duk garin da suka je wasa benci ɗaya ake ba su, shi kuwa ba ya ma zama. Bai tambayi ta wane ne ba. Ya dai san ba tasa ba ce.

Wasan kusa da na ƙarshe ne na kofin yanki, a filin Gummi. An sha ruwa da safe, ƙasa ta jiƙe, jama'a sun cika gefen fili har kan katangar makaranta. 'Yan wasa na ɗaura takalma sai ga Alhaji Sahabi, shugaban kulob, tare da wani dogon mutum mai rigar wasanni da hular hana-sallah, usur na lilo a ƙirjinsa.

"Malam Dalhatu, ga baƙo na kawo muna," in ji Alhaji. "Koci Yakubu, daga Kaduna. Ya buga ƙwallo ta gaske, har takardar koci gare shi."

"Sannu da zuwa, Koci. An sha hanya."

"Yauwa, sannu." Mutumin ya miƙo hannu yana murmushi. "Kai ne Ba'amurken?"

"Ni ne," in ji Dalhatu.

A gidan kallo sunan ya samo asali. Wata rana ana kallon wasan Ingila aka nuno wani koci ɗan Amurka da kulob ɗinsa ke shirin kora, sai gardama ta kaure. Masu cewa a ba shi lokaci kaɗan ne. Mafi yawa cewa suke, mutanen da ƙwallonsu a hannu suke rungumarta su ruga, me suka sani a ƙwallon ƙafa? Ko ya ci wasa sa'a ce, in ya faɗi kuwa dama an faɗa. Ana cikin haka wani ya waiwayo ya hango Dalhatu a bencin baya, ya ce, "Ku bar na Ingila, ga namu Ba'amurken nan!" Ɗaki ya ɗauki dariya, domin kowa ya san malamin motsa jikin nan ɗan Bukkuyum ƙwallon hannu ya buga a samartakarsa, ba ta ƙafa ba. Tun daga ranar sunan ya bi shi har kasuwa. Bai taɓa hana kowa ba. In an kira, amsawa yake yi.

Alhaji ya ja shi gefe, ya rage murya.

"Malam, ba ni ɓoye maka. In Gummi sunka fid da mu yau, gobe shi ka riƙon yara. Mutane sun ishe ni. Cewa sukai ƙwallon ƙafa munka ce a koya musu, kai ko jifa kaka koya musu awa masu korar tsuntsaye a gonar shinkafa."

"In munka ci fa, Alhaji?"

"Ku ci tukuna."

Dalhatu ya gyaɗa kai. Maganar jifar gaskiya ce, kuma ba ya jin kunyarta. Tun da aka ce a Gummi za a buga, ya hau babur ya zo ya zagaya filin da ƙafa. Filin tsukakke ne, katanga a wannan gefe, layin darbejiya a wancan, tsakiyarsa kuwa yashi ne mai shanye gudun ƙwallo. A irin wannan fili ƙwallo ba ta jimawa ba ta fita ba, kuma duk fitar da ta yi kusa da gidan abokan hamayya, in kana da mai hannu, kamar ka samu bugun kwana ne. Shi kuwa yana da mai hannu. A ƙauyen Abare ya samo Halliru, yana cilla buhunan dutsen zinariya kan mota kamar mai cilla damin kara. Ƙafar Halliru ba abin a zo a gani ba ce, ɗan baya ne dai mai ƙoƙari. Amma in ya riƙe ƙwallo da hannu biyu ya gantsare, sai ta faɗa a bakin raga.

Alƙali ya busa, aka take.

Koci Yakubu bai daɗe a kujera shiru ba. "Ku sa ta a ƙasa! Fasin, fasin! Kai mai lamba takwas, buɗe!" Muryarsa irin ta wanda ya saba a ji maganarsa ce, yaran kuwa sun ji labarin takardarsa tun a mota. Suka shiga ba juna ƙwallo gajere-gajere a tsakiyar fili. Ƙwallo ta riƙa maƙalewa a jiƙaƙƙen yashi kamar an taka ta. 'Yan Gummi, da suka san filinsu, suna jira ne kawai. Ba a jima ba wata ta tsaya tsakanin 'yan Anka biyu, ɗan gaban Gummi ya tsince ta, ya zarce, ya zuba a raga.

Kafin hutu aka samu jifa a kusa da kwanar Gummi. Dalhatu ya ɗaga hannu, Halliru ya rugo ya ɗauki ƙwallo. Ya ja da baya har jikin darbejiya, ya taho a guje, ya saki. Ƙwallon ta sulɓe daga yatsunsa, ƙafarsa ta baya ta tashi sama, ya kusa kifewa. Alƙali ya busa, ya miƙa jifar ga Gummi.

Fili ya ɓarke da sowa.

"Ba'amurke! A kawo mai kwando shi jefa ciki!"

"Malam, ƙafa anka ce, ƙafa! Ko ba a kai wurin ba a makaranta?"

Har 'yan Anka da suka biyo mota wasu na dariya, wasu na tsaki. Alhaji Sahabi ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Dalhatu ya ji zafin abin, amma idonsa na kan inda Halliru ya zame, wani ɗan taɓo a bakin layi.

Da aka tafi hutu, 'yan wasa suka zube a ƙasa suna haki. Koci Yakubu ne ya riga tashi. Ya yi magana mai tsawo, kuma ba shirme ya faɗa ba: a riƙe ƙwallo, a daina tsoro, a bar wasan ƙauye. "Ƙwallo a ƙafa take," ya ce a ƙarshe. "Duk duniya haka ake yi."

Dalhatu ya bari har ya gama.

"Mun gode, Koci. Ranar da munka samu filin ciyawa, wanga karatu za mu biya." Ya juya. "Halliru, mi ya faru?"

"Malam, santsi. Ƙwallon ma jiƙe take, awa kifi."

Dalhatu ya taka zuwa inda ya jingine babur, ya zaro tsumman da yake goge shi daga ƙarƙashin sirdi, ya kakkaɓe, ya miƙa masa.

"Soke shi ga wando. Ka goge ta kahin ka jefa. Kuma bar gudun ga, taku kaɗan ya ishe ka, ka ja ƙafar baya a ƙasa awa mai sharar tsakar gida. Ku kuma, kada in sake ganin ƙwallo a yashi. Ku kai ta gefe, ku buga ta ga ƙafafunsu ta fita."

Kamalu, kyaftin, dogon ɗan gaba kuma ɗan ƙanwar Alhaji, ya dubi farar kujera, ya dubi kawunsa, sannan ya dubi Dalhatu.

"Malam, to wa za mu bi?"

"Har alƙali shi busa tashi, ni ne kocinku. Bayan nan ka tambayi kawunka."

Wani ya yi ƙaramar dariya. Alhaji ya ɗauko carbi.

Da aka dawo, wasan ya yi muni a ido, ko Dalhatu ya san haka. Ƙwallo ta koma gefen darbejiya, ana ta gwabza ta da ƙafafun 'yan Gummi tana fita. Jifa ta farko, Halliru ya zaro tsumma ya goge ƙwallo a tsanake, 'yan kallo na ihun ko wanka zai yi mata. Ya saki. Ta tafi a miƙe kamar an harba ta, golan Gummi ya doke ta da ƙyar. Ihun ya ragu. Ta biyu ta wuce kan kowa. A ta uku Kamalu ya lallaɓa ya tsaya bayan 'yan bayan Gummi, shi da gola kawai. 'Yan Gummi suka ɗaga hannuwa suna kiran satar gida tun ƙwallo na sama, sun manta jifa ba ta da satar gida. Kamalu ya sa mata kai, raga ta motsa.

'Yan Anka suka kwararo cikin fili, da ƙyar aka mayar da su. 'Yan Gummi suka kewaye alƙali, shi kuwa yana nuna musu hannuwansa biyu a saman kai. Wani dattijo a kan katanga ya ce da ƙarfi, "Wagga ba ƙwallo ba ce, dambe ne!" Dalhatu bai yi tsalle ba. Ya lura dai farar kujera ta yi shiru. Koci Yakubu ya sunkuyo gaba, gwiwar hannu a kan cinya, yana bin Halliru da ido.

Rana ta yi sanyi, inuwar darbejiya ta rufe rabin fili. In aka tashi kunnen doki sai bugun fanareti, golan Gummi kuwa ya fi nasu, kowa ya sani. Alhaji ya bar wurinsa ya dawo kusa da layi yana jan carbi da sauri.

Sai aka sake samun jifa, a kusa da kwanar Gummi, irin wadda Halliru ya zame a kanta ɗazu. Yanzu 'yan Gummi sun koyi darasi. Gaba ɗayansu suka koma bakin raga, har ɗan gabansu, mutum uku a jikin Kamalu, ɗaya riƙe da rigarsa. Halliru ya zaro tsumma, ya waiwayo benci. Dalhatu ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Alamar ke nan. Sun sha gwada wannan dabarar a filin makaranta da la'asar, lokacin da masu leƙe suka gaji da dariya suka watse. Halliru ya goge ƙwallo, ya ja da baya, ya gantsare har sai da jama'a suka ɗauke numfashi. Can baya kaɗan, wani siririn ɗan tsakiya da ake kira Ɗan Binta ya durƙusa yana gyara igiyar takalmi, ba kowa kusa da shi.

Dalhatu ya ji kujerar roba ta yi ƙara a bayansa. Koci Yakubu ya miƙe tsaye, ya gano abin kafin kowa a filin.

Halliru ya jefa ƙwallon a hankali, ta sauka a gaban Ɗan Binta. Yaron ya tashi, ya taɓa ta sau ɗaya, ya ɗaga kai. 'Yan Gummi suka fito a guje suna karo da juna, sun kare wa golansu gani. Ya narka ta da ƙafar hagu, ta bi ƙasa ta gefen da babu yashi, ta daki ƙarfe ta shige.

Abin da ya rage na wasan Dalhatu bai iya tuna shi daki-daki ba. Ya dai ji busar tashi, ya ga an ɗaga Halliru sama yana kaɗa tsumman babur kamar tuta. 'Yan Anka na tsalle suna rera "Ba'amurke! Ba'amurke!", har da waɗanda suka nemi a kawo masa kwando. Wani ɗan Gummi da ke wucewa ya ce sa'a ce kawai. Dalhatu ya ce masa, "Allah shi ƙara muna irinta."

Alhaji Sahabi ya iso yana haki, hula a karkace.

"Malam! Kai, Malam! Ka gani, da ƙafa munka ci ta ƙarshe. Ai abin da nike faɗi ke nan tun farko!"

"Haka ne, Alhaji."

"To, wasan ƙarshe Bukkuyum anka kai shi. Ka san filin?"

"Can anka yanke mani cibiya."

"To ka shirya muna yara. Gobe ka ba su hutu, jibi ku koma." Ya gyara hula. "Shi wanga tsumma, a samo ma Halliru tawul na kirki, kada a ce Anka ba mu da shi."

Alhaji na cikin magana Dalhatu ya hango Koci Yakubu ta saman kafaɗarsa. Ya cire usur daga wuya ya sa a aljihu, ya rataya jakarsa. Ya tsaya a bakin layi inda Halliru ya yi jifar, ya dubi raga, ya dubi wurin da Ɗan Binta ya durƙusa. Da suka haɗa ido ya ɗan taɓa bakin hularsa. Sannan ya ɗauki farar kujerar ya jingine ta a jikin benci, ya bi ta bayan darbejiya ya nufi tasha.