Khalilu a Rumfar Gyaran Inji

Khalilu yana da shekara ashirin da uku lokacin da yayarsa Ikilima ta kai shi wurin Malam Sha'aban, aminin mahaifinsu, wanda ke gyaran injin ban-ruwa a bakin hanyar Bagwai. Kafin nan ya taɓa aiki a wani shagon hatsi a Dawanau, kwana tara kacal. Ihun 'yan dako da ƙarar manyan motoci suka cika masa kai, har aka same shi tsugune a bayan buhunan dawa ya toshe kunnuwa. Mai shagon ya sallame shi cikin mutunci.

Tun yana ɗan shekara goma sha biyar wata likita a Kano ta gaya wa iyayensa sunan abin, wai galahanga. Ta ce ba aljanu ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba, haka ƙwaƙwalwarsa take aiki. A ƙauye kuwa cewa kawai ake yi, "Ai Khalilu haka yake."

"Baba," in ji Ikilima, "ba ya son a taɓa shi ba zato. Ba zai kalli idonka ba, amma yana jin ka. Kuma yadda ka faɗi magana, haka zai ɗauke ta."

Malam Sha'aban ya juya zai yi wa Khalilu tambaya, sai ya tarar tuni ya durƙusa gaban wani tsohon inji yana jera kusoshinsa daga babba zuwa ƙarami.

"To, bar shi nan," ya ce.

Aikin bai ba Khalilu wahala ba. Ya iya kwance kabureta ya wanke ya mayar, kuma ba ya gajiya da maimaita abu. Mutane ne suka ɗaure masa kai. A rana ta uku Malam Sha'aban ya miƙe ya ce, "Ina zuwa," ya hau babur ya tafi. Khalilu ya bi shi da kallo har ya ɓace. Da ya dawo bayan azahar, Khalilu ya tare shi.

"Malam, ka ce kana zuwa, amma tafiya ka yi."

Malam Sha'aban ya yi dariya, sannan ya ga ba wasa ake masa ba. Ya sosa gemu. Shekara sittin yana faɗar wannan magana, bai taɓa jin ta da kunnensa ba sai yau.

"Wallahi da gaskiyarka. Nufina zan je in dawo."

"To me ya sa ba a cewa haka?"

"Ban sani ba, Khalilu. Haka muka tarar."

Mako na biyu wani manomin tumatir, Alhaji Sama'ilu, ya kawo injinsa da ya daina tashi. Khalilu ya zare ma'aunin mai ya duba, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Kai ka kashe shi. Ka fi wata huɗu ba ka canza baƙin mai ba."

Akwai mutum uku a kan benci. Fuskar Alhajin ta canza. Ya ɗaure injinsa a babur ya tafi ko sallama babu.

Khalilu ya ga Malam ya yi shiru, ya san wani abu ya faru, amma bai san mene ne ba. Ya fara murza yatsunsa da sauri.

"Ƙarya na yi, Malam?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Amma ba ka gaishe shi ba, kuma ka faɗa a gaban jama'a. Mutum yakan ji kunya."

"Injin bai ji kunya ba, shi da aka cuta."

Malam ya danne dariya. Ya zaunar da shi ya ce daga yau, in mutum ya zo, a fara gaisawa, sannan a ce "man ya tsufa" maimakon "kai ka kashe shi". Khalilu ya juya maganar a ransa. Duka biyun gaskiya ne. Ya yarda.

Daga nan ya shiga sauraron gaisuwa kamar yadda yake sauraron inji. Ya lura mai jinya a gida ma "lafiya lau" yake cewa. Ya lura in amsar ta fito da sauri, mutumin sauri yake yi, in kuwa ya ja ta, yana son a ƙara tambayarsa. Kullum da yamma, a hanyarsu ta komawa gida ta tsakanin gonakin albasa, sai ya riƙa yi wa Ikilima tambayoyi, ita kuma tana dawowa daga makarantar da take koyarwa. Wasu ta amsa, wasu ta ce ita ma ba ta taɓa tunaninsu ba.

Bayan wata biyu aka yi wa Malam Sha'aban jika, ya gayyaci Khalilu suna. Khalilu ya kwana uku yana shawara, sannan ya je. Ya gaisa da mutum biyar, har ya bari biyu suka riƙe hannunsa. Ana gama addu'a aka kunna lasifika, mutane suka fara magana duk a lokaci ɗaya. Khalilu ya toshe kunnuwansa. Ya zame ya zagaya bayan gida, ya zauna gindin wata bishiyar darbejiya kusa da rumbu.

Ashe akwai mutum a wurin. Basiru ne, mai sayar da irin albasa, wanda duk Bagwai ta san shi da surutu. Yana zaune da kwanon waina a gabansa, ya cire hula.

"Kai ma gudowa ka yi?" in ji Basiru.

"Ƙarar ta yi min yawa."

"Ni ma."

Khalilu ya ɗago, ya kalli haɓar Basiru. "Kai? Ai kai ka fi kowa magana."

"Sana'a ce. In na yi shiru wa zai sayi iri? Amma in taro ya daɗe, ji nake kamar na yi huɗar gona biyu. Sai na ɓuya na ɗan huta."

"Mutane sun sani?"

"Ba wanda ya taɓa tambaya."

Khalilu ya daɗe yana tunani. Duk rayuwarsa ya ɗauka shi kaɗai ne taro ke gajiyarwa.

"Cikin waɗanda ke can, mutum nawa ne suke son su taso?"

Basiru ya kyalkyale da dariya. "Allah kaɗai ya sani. Limamin ma na ga yana duba agogo."

Ya tura masa kwanon. Khalilu ba ya cin abin da miya ta jiƙa, don haka ya zaɓi waina biyu daga gefe. Suka ci, kaji suna kiwo kusa da ƙafafunsu.

Da aka kashe lasifikar, Basiru ya mayar da hularsa ya miƙe ya karkaɗe riga.

"Zan koma in yi wa Malam Allah raya. Za ka zo?"

"Ba yanzu ba. Sai mutane sun ragu."

"To. Zan gaya masa kana nan."

Khalilu ya zauna har rana ta ɗaga, yana ganin baƙi suna fita biyu-biyu, uku-uku. Da ya ga saura 'yan kaɗan a ƙofar gida, ya tashi ya nufi inda Malam Sha'aban yake zaune.