Ƙullin Baffa a Tiyon Firji

Firjin nan mai ƙofa biyu na hannu ne, kuma don ƙanƙara kaɗai maigidana, Baban Bushra, ya sayo mini shi daga Kano. Yana da wani ɗan akwati a sama mai jan ruwa da kansa ta siririn tiyo daga tankinmu, ya daskarar, ya zubo. Da ƙanƙarar nake jera robobin kindirmo a kula, Mudassir mai acaɓa ya kai wa masu saye a Ƙafin Maiyaki, ni kuma in zauna gida a Tudun Wada in kula da mahaifina. Baffa Dikko ya tsufa, shanun sun ƙare, hankalinsa ma ya fara tafiya yana dawowa. Ba a barinsa shi kaɗai.

Bai daɗe da dawowa wurinmu ba ƙanƙara ta ɗauke. Firji na sanyi, sola na ba da wuta, akwati kuwa a bushe ƙayau. Kindirmo ya riƙa isa kasuwa da tsami, ana dawo mini da shi. Yayana Rufa'i ya bugo waya daga Doguwa.

"Hajara, ki kawo shi nan kawai, ki koma kai kayanki da kanki. Wahalar ta yi miki yawa."

Na san gidan Yaya Rufa'i. Kowa a gona yake wuni, Baffa da kaji za a bari. Na ce masa ya ba ni zuwa ranar kasuwa mai zuwa, in abin bai gyaru ba sai mu yi magana.

Shitu mai gyaran firji ya yi ta zarya har muka gaji da gaisawa. Zuwan farko ya ce matatar ruwa ce ta toshe, ya sauya. Babu ruwa. Ya dawo ya ce bakin bututun da ke zuba wa akwati ne ya daskare, ya sa na dafa ruwa ya tsiyaya a ciki. Babu ruwa. Ya jawo firjin gaba, ya kwanta a ƙasa ya kwance bawul ɗin baya mai buɗe wa ruwa hanya, ya busa, ya gwada shi da wuta, bawul ya yi ƙara lafiya lau. Shitu mutum ne mai son bayani, kowane zuwa sai ya yi mini lacca, ni kuwa ƙanƙara nake so.

Daga ƙarshe ya cire tiyon daga jikin firji ya sa a bokiti. Ko ɗigo.

"To, Hajiya, matsalar ba a firji take ba. Ruwan ne ba ya isowa."

Ya hau ya leƙa tanki, a cike. Ya bi tiyon da hannu daga tagar kicin, ya bi bango, har ya iso inuwar tanki inda Baffa ke zama kan buzunsa, bayansa jingine da bango. Nan Shitu ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya zagaye tsohon, ya ci gaba da dubawa daga wancan gefen. Wa zai ce wa dattijo ya tashi don a duba roba? Ni ma ban ce ba. Shitu ya karkaɗe gwiwa ya ce wataƙila tankin ne bai yi tsayi ba, sai an ɗaga shi. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Na gaji da firjin, na gaji da tsamin nono a hancina, na gaji da kaina.

Ranar Juma'a Baban Bushra ya riƙe hannun Baffa suka tafi masallaci. Na ɗauke buzun zan kakkaɓe, sai ga tiyo a lanƙwashe gida biyu, an ɗaure shi tam da igiyar kaba. Na san ƙullin nan. Da shi Baffa ke yi wa maraƙi dabaibayi tun ina yarinya, da an ja bakin igiyar sau ɗaya sai ya warware. Na ja. Nan take na ji ruwa ya bi tiyon yana tsiii, kafin magariba ƙanƙara ta fara faɗowa.

Na kai masa fura, na zauna kusa da shi.

"Baffa, kai ka ɗaure robar nan?"

"Ni ne. Ina zaune nake jin ruwa na gudu a bayana, ba mutum na sha ba, ba dabba ba. Ku 'yan gari ba ku san rani ba. Mun taɓa kwana a hanya da shanu muna neman abin da kuke zubarwa."

Na yi masa bayani a hankali, na kawo ƙanƙara na sa masa a tafin hannu. Ya jinjina kai, ya ce ya gane, Allah ya yi mini albarka.

Da safe na tarar da tiyon a ɗaure. Bai tuna mun yi magana ba. Ya ma kira ni ya nuna mini, fuskarsa a sake yadda na daɗe ban gani ba.

Na kira Shitu na ce ya zo da sabon tiyo. Ya ja shi daga tanki ta kan katanga, can sama inda kunnen Baffa ba zai ji ba, ya shigar ta tagar kicin. Ya kai hannu zai cire tsohon tiyon.

"Bar masa nasa," na ce.

Ranar kasuwa Mudassir ya ɗaure kula a bayan babur, ƙanƙara har baki. Na bugo wa Yaya Rufa'i na ce Baffa na nan wurina. Da na fito, Baffa na kan buzunsa yana ƙara matse igiya a kan robar da ba ta zuwa ko'ina.

"Kin gani ko? Tun da na kama shi bai sake gudu ba."

"Na gani, Baffa. Sannu da aiki."

Na shiga kicin na tsaya gaban firji har ƙwallar idona ta bushe, sannan na ɗauko masa ruwa mai sanyi.